Ranar da Na Saki Kwano a Tashar Jidda

Ba zan tsaya ba ku labarin yadda muka bar Magarya ba, don kukan ranar tafiya iri ɗaya ne a ko'ina. Abu guda ne ya kamata ku sani. Tsohuwata ta kama hannuna ta sa cikin hannun Malam Hassan, madugun ayarinmu, ta ce masa ga amana, ya kai ni Makka ya kuma dawo mata da ni. Ya ce ya karɓa. Shi kuwa Malam Hassan in ya karɓi abu, ko abin ya gaji da riƙo ba ya sakinsa.

Tun daga Forlami muka koma cin abinci a kwano ɗaya. Kun dai san yadda ake yi a gida. Babba ne ke fara sa hannu, shi ke raba nama in akwai, ƙarami kuma ya dafe bakin kwano da hannun hagu don kada ya yi ta juyawa, ba ya magana, shi ne kuma mai wanki in an gama. Ni ne ƙaramin ayari, saboda haka ni na dafe. Ko gemu ban fara ba a lokacin, abin bai dame ni ba.

A Abashe muka yi kwaɓar ƙasa muka sami guzuri. A Jinena zazzaɓi ya rage mu, muka binne namu a ƙasar da ba su taɓa jin sunanta ba sai da suka taka ta. A can ne kuma muka tsinci Garba, wani Bakatsine da ayarinsu ya watse. Ina ganinsa na ce alhamdu lillahi, yau na sami mai karɓata. Ashe ya fi ni wayo. Malam Hassan na tambayar shekarunsa ya ce ai ya girme ni da damina guda. Har gobe ban yarda ba, amma ni ba ni da shaida, shi kuwa yana da baki.

Gonakin audugar Jazira su ne suka cinye mana shekaru. Wasunmu suka yi aure a can, suka manta abin da ya fito da su daga gida. Muna cikin wannan zama aka sauke tutar Turawa a Sudan aka ɗaga ta 'yan ƙasa. Na zaci duniya za ta girgiza. Gari ya waye muka koma gona, muka tarar da auduga tana nan inda muka bar ta. A Wad Madani kuma na ɗauko wata ɗabi'a da na ɓoye wa Malam Hassan: duk ranar hutu sai in sulale wajen wani mahauci Bahaushe in zauna ina kallo, har ya fara miƙo mini wuƙa. Yanka, shafa ƙuli, jera tsinke a gefen wuta, duk suka zauna mini a hannu kamar dama can nawa ne.

A Sawakin wani dillali mai tattausar murya ya ce zai tsallakar da mu a sambuk, wato jirgin katako da iska ke turawa, ba sai mun jira babban jirgi ba. Muka yarda. Muka sha jijjiga da amai, har aka sauke mu a wata gaɓa mai farin yashi, matuƙin ya nuna da hannu ya ce Makka na can gaba. Muka faɗi muka yi sujada, Garba har da kuka yana shafa yashi a fuska. Da muka miƙa cikin rana muka haɗu da wani mai raƙuma. Ya saurare mu, sannan ya ce mana a hankali, kamar mai gaisuwar mutuwa, har yanzu muna Sudan. Ya tatso mana nonon taguwa ya ba mu, ya kuma raka mu har kan hanya bai karɓi komai ba.

A nan zan faɗi gaskiyar Malam Hassan, don kada abin da zai biyo baya ya sa ku ɗauke shi mugu. Ranar nan ba don shi ba da mun watse. Ya sayar da bargonsa da babbar rigarsa, ya nemo mana dako a Bor Sudan, ya hana kowa zagin kowa, har muka hau jirgin gaskiya muka sauka Jidda. Madugu ne na ƙwarai. Matsalarsa ɗaya ce, bai san ranar da tafiya ke ƙarewa ba.

Jidda ta karɓe mu da wani zafi mai danƙo da ban taɓa sani ba, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Muka kama ɗaki na langa-langa da katako a Ruwais, kusa da masunta. Allah ya nufa muka sauke farali, sannan muka koma tashar jiragen ruwa muna dakon shinkafa da siminti don neman abin komawa gida. Aikin tasha kuwa ba a ba mutum ɗaya. Shugaban lebura ƙungiya yake kira, da sunan babbanta. Mu sunanmu mutanen Hassan. Ɗaki da sunansa, aiki da sunansa, kuma duk azahar a inuwar sito ni ne dai dafe da kwano, ga gemu ya cika mini haɓa.

Ran Juma'a nakan tafi unguwar Sharafiyya wajen wani mai shayi, Bakur. Haifaffen Jidda ne, kakansa ne ya zo daga Kano, Hausarsa kuma rabi da rabi ce, in ta ƙare masa a tsakiyar magana sai ya cika da Larabci. Wata rana ya yi ta begen tsire, ya ce tsohon da ke yi musu ya rasu. Na ce ya sayo nama da gawayi. Kafin in juya tsinken farko ƙamshi ya tara mana Larabawa da Yamalawa, har da wani ɗan sanda.

Bakur ya lashe yatsa ya ce, "Wallahi ya Isuhu, haramun ne wannan hannu ya ƙare a siminti. Ga gefen rumfa, khalas, naka ne. Ni ne kafilinka mai lamunce ka, iƙama ma, takardar zama, ni zan tsaya maka."

Na kai wa Malam Hassan maganar da ladabi. Ya dube ni kamar na ce zan bar salla.

"Jikan liman? Fawa? Ka taɓa jin wani a gidanku ya riƙe wuƙar mahauta? In labari ya je Magarya wa zai ba ƙannenka aure? Kada in sake ji."

Ban sake faɗi ba, amma abin bai bar raina ba.

A wannan shekara ce, alif ɗari tara da hamsin da takwas, rediyon Bakur ya fara kawo labarin ƙuri'a. Faransa ta ce wa ƙasashen da take mulka, har da tamu, kowace ta zaɓa: ko ta zauna cikin wata tarayya tare da ita da sauran, ko ta ce a'a ta fita nan take ta ji da kanta. Mu da ke Jidda ba mai tambayarmu, ko takardar jefawa ba mu gani ba. Amma da kun ji yadda muke musu, sai ku rantse mu ake jira.

Bakur ne ya fara tsokanata. "Shuf, Masar da Sham bana suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya. Mutane na haɗuwa, ku kuna neman ƙofa. Lesh?"

Na ce, "Su da ƙafarsu suka shiga, kowa da tutarsa a hannu. Mu ranar shiga ba wanda ya yi mana sallama. A bar mu mu fita tukuna, in mun ga dama mu dawo a matsayin baƙi, a shimfiɗa mana tabarma."

Ya yi dariya ya ce bakina ya fi yajina zafi.

Babban musun a tasha aka yi shi, ana sauran 'yan kwanaki a jefa ƙuri'a. Mun sauke siminti tun safe, kowa ya yi fari fat kamar an tono shi. Aka ɗora kwanon tuwon dawa da miyar kuɓewa a kan wani akwatin katako, ranar har da ɗan naman raƙumi. Na dafe. Malam Hassan ya yi bisimilla, ya raba nama, sannan ya buɗe majalisa.

"Ku saurara, yara. Ƙasar da ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa, ko ashana ba ta yi, in ta hita ina za ta? Gyaɗarmu wa ke saye? Nasara. Likita wa ya kawo? Rijiyar siminti wa ya gina? Takardar da kuka shigo ƙasar nan da ita, tambarin wa ke kanta? Kuma ba mu kaɗai ba ne a ciki. Ga Sanagal, ga Cadi, ga Dahome. In ana tare, mai ƙarhi ya tallabi marar ƙarhi. Wanda ya hita shi kaɗai, yunwa ce za ta koya masa hankali."

Garba ya haɗiye loma ya ce, "Mu dai namu Turawan a hankali suke naɗe tabarmarsu, ba faɗa. Ku fito ku dawo wajenmu mana, Malam. Dama iyakar nan wa ya ja ta? Kasuwar Daura kuke ci, 'yan matanmu kuke aure, lanho, harajin nan naku, shi kawai kuke kai wa kwamandan Nasara."

Aka yi dariya. Mai riƙon kwano ba ya magana, na sani sarai. Amma na yi.

"Malam, hanyar motar nan da ake yabo, ubana ne ya fasa duwatsunta, da bulalar gwamiye, dogarin Nasara, a bayansa, ba a ba shi ko ruwa ba. Gyaɗa kuma gaskiya ne suna saye, amma wa ke yanka mata farashi? Muna Jazira aka sauke tutar Turawa, da idonka ka gani. Sama ta faɗo? Ba a ci gaba da cirar auduga ba?"

Hannaye suka tsaya a cikin kwano. Malam Hassan ya ce, "Sudan na da kogi, tana da teku. Ku me gare ku?"

"Muna da hannu. Za a sha wuya, ban ce ba za a sha ba. Amma zaman da kullum mutum ɗaya ne ke raba nama, wani kuma kullum shi ne dafe da kwano, kuma ba ranar da za a juya, ni ban san sunansa tarayya ba."

Tsohon nan ba wawa ba ne.

"Ba maganar Faransa kake ba, Isuhu. Maganar wuƙa kake."

"Duka biyun nake, Malam."

"To buɗe kunnenka. Wanda ya bar kwanon nan ba shi da ɗaki a Ruwais, ba shi da suna a tasha. Ranar da muka hau jirgi kuma, ba da shi ba. Zan tsaya gaban tsohuwarka hannu wofi, in gaya mata abin da ɗanta ya zaɓa."

Wannan ta ƙarshen ita ce ta soke ni. Ɗaki da aiki ban damu da su ba, amma na hango tsohuwata a ƙofar gida tana duban masu saukowa daga mota ɗaya bayan ɗaya. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Sai dai na san in na sunkuyar da kai ranar nan, da furfura zan koma Magarya ina dafe da kwanon wani.

Na ɗauke hannuna na hagu na ɗora a gwiwa.

Garba bai lura ba, ya kai hannu ya yanko tuwo da ƙarfinsa na lebura. Kwano ya juya, ya zame a kan katako, ya kife a cinyar Malam Hassan. Kuɓewa ta bi rigarsa tana yauƙi har ƙasa. Wasu Yamalawa da ke gefe suka fashe da dariya, su a ganinsu tsautsayi ne. A cikinmu kuwa ba wanda ya ko motsa, don kowa ya san abin da aka yi. Na tashi na wanke hannu, na durƙusa na ce, "Na gode da riƙo, Malam. Allah ya saka da alheri." Ya duƙufa yana goge rigarsa. Na ɗauki buhun da nake yafawa a kafaɗa na fita daga tasha.

Duk wanda ya ce muku fita daɗi gare ta daga ranar farko, bai taɓa fita ba. A bayan rumfar Bakur na koma kwana, tsakanin buhunan gawayi. Naman farko da na saya da yawa zafin Jidda ya lalata shi kafin la'asar, na zubar ina ji kamar in bi shi. Larabawan da suka yi ta yabo ran Juma'a suka fara ƙorafin barkono, sai da na koyi rage shi ina ƙara citta. Mutanen ayarinmu in sun biyo ta layin sai su kau da kai, mutanen da na wanke wa kwano tun Forlami. Wannan ya fi asarar nama ciwo. Sannan zazzaɓi ya kwantar da ni, na kwanta ina jin kiran salla da harshen da har yanzu ban gama ganewa in an yi hira da shi ba, ina begen ko da muryar akuyar gidanmu.

Hajja Hawwa, mahaifiyar Bakur, ita ta tashe ni. Tsohuwa ce da ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma kunun tsamiyarta sai ka ce daga Magarya aka aiko shi. Kullum da hantsi sai ta zo da shi da kanta, ta tsaya a kaina har in shanye. Da na miƙe ta ce ƙulin da nake saye ba shi da kyau, ta koma daka mini nata. "Ya waladi," in ji ta, "kakan Bakur ma da ya zo, ruwa ya yi ta sayarwa a garwa. Ba wanda ya tambaye shi ɗan wane ne."

Ina cikin farfaɗowa sakamako ya fito. Ƙasarmu ta ce za ta zauna. Gini kaɗai ta ce a'a, aka kuma yi ta faɗin cewa Nasara sun kwashe nasu ya nasu sun bar ta a tsaye. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Garba ya zo a ɓoye ya ci tsinke biyu, ya ce Malam na ta murna har da sayen dabino.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Malam Hassan da kansa a Sharafiyya. Ya tsaya nesa da hayaƙi kamar zai ɓata masa alwala.

"To, sarkin musu. Ƙasarka da hakimanta da malamanta sun ce zama ya hi. Kai ka hi su sani? Kashe wutar nan ka ɗauko buhunka. Na yahe rigar."

Na san abin da zuwan nan ya ci masa, kuma na ji tausayinsa har raina. Na ce, "Malam, su suna da kwamanda a kansu ranar da suka jefa. Ni ba kowa a kaina. Kuma ka sa ido, zaman nan nasu ba mai daɗewa ba ne. Wanda aka taɓa tambaya ko yana son fita, ya riga ya san akwai ƙofa."

"Wato ba ka zuwa."

"Ba na zuwa, Malam. Amma ga nama, in za ka taɓa."

Ya juya ya tafi bai taɓa ba.

Kasuwa ta kama. Kafin aikin hajji ya zagayo, in ka zo bayan la'asar sai ka yi layi. Da alhazai suka fara watsewa Garba ya zo ya ce mini sun sami jirgi. Na yi kilishi mai kyau, na shanya shi a kan rufin Hajja Hawwa, na naɗe da turmin atamfa da ɗan tasbaha, na tafi tasha.

Na same su a layin hawa, kowa da akwatinsa na ƙarfe da gorar zamzam. Garba ya rungume ni yana kuka, yana cewa dama shi ya san ni ne babba. Malam Hassan yana gaba, ya tsufa a 'yan watannin nan. Na durƙusa na miƙa masa ƙunshin. Ya bar ni da hannu a miƙe har na fara jin kunyar mutane.

"Me zan ce mata?"

"Ka ce mata ina lafiya, ina sayar da nama a Sharafiyya, kuma in na tashi zuwa, da ƙafata zan zo."

"Za ta ce na ci amana."

"Ba ka ci ba, Malam. Ka kawo ni, ka ciyar da ni, ka kai ni Arfa. Sauran nawa ne."

Ya karɓi ƙunshin ya cusa a hammata. Bai ba ni hannu ba. Har ya taka matakala sai ya waiwayo ya ce, "Zan gaya mata ka ƙi ni. Zan kuma gaya mata tun da ka hita ban ji ka roƙi kowa ba."

Na tsaya har jirgi ya zama ɗan ɗigo a kan ruwa. Ban yi nadama ba, har yau ban yi ba. Amma a wurin nan na gane duk faɗin Jidda babu sauran mutum ɗaya da ya san fuskar tsohuwata, na kuwa yi kuka irin wanda ban yi ba ko a Sawakin.

Ƙasarmu ba ta daɗe ba ita ma ta ɗaga tutarta, na so a ce Malam Hassan na kusa in ga fuskarsa. Ni kuma sai bayan wasu shekaru na cika alkawari. Na sauka Magarya da tsakar rana, ba madugu, ba ayari. Na tarar da tsohuwata a zaure tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni. Na yi sallama na durƙusa. Ba ta yi guɗa ba, ba ta tashi ba. Ta ci gaba da ɓara har na zaci ba ta gane muryata ba.

Can ta ce, "Malam Hassan ya ce mahauci ka zama."

"Haka ne, Inna."

"Ya ce kuma ba ka taɓa roƙon kowa ba. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Inna."

Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta laluba ta kamo gemuna, ta riƙe shi.

"To tashi ka shiga ciki. Rana ta yi maka yawa."